Segedin: Dabino, Gishiri da Hanya a Ƙofar Kawar

A can ƙuryar arewa maso gabashin Nijar, cikin sashen Bilma na jihar Agadas, akwai wani ƙauye da taswirorin Faransanci ke rubuta sunansa Séguédine, matafiyan ƙarni na 19 kuwa suka rubuta shi Siggedim. Ƙauyen ba shi da girma. Abin da mai zuwa ke fara hangowa daga nesa shi ne dutsen Zumri, baƙi mai tsini, wanda ya daɗe yana yi wa madugai ishara cewa ruwa ya kusa. Daga nan sai kurmin dabino, sai ramukan gishiri, sai kangon wani tsohon gari mai ganuwa da aka gina da ƙasa mai gishiri. Babu gonar gero, babu ta dawa, domin ruwan saman da ke sauka a wannan yanki bai kai milimita 20 a shekara ba, kuma akan yi shekara ko ɗigo bai faɗo ba.

Duk da haka mutane sun zauna a nan tun ƙarnonin da suka shuɗe, suna cin tuwon geron da ba su noma ba, suna sa tufar da ba su saƙa ba. Wanda ya nemi sanin yadda hakan ta yiwu zai tarar da cewa dukiyar mutumin Segedin kashi biyu ce: kashi ɗaya yana kafe a ƙasa, kashi ɗaya yana bisa hanya, kuma na farkon ba ya da daraja sai na biyun ya iso. Tarihin ƙauyen, daga zamanin raƙumi zuwa na mota, tarihin wannan dogaro ne.

Inda hanya ta rabu biyu

Kawar jerin duwatsu ne da ya miƙe daga arewa zuwa kudu, tsawon kimanin kilomita 150, a gefen gabas na hamadar Tenere. A gindin duwatsun ta yamma ruwa yana kusa da doron ƙasa, wani wuri ma yana ɓuɓɓugowa da kansa. Wannan ne ya haifar da jerin dausayoyi: Anai, Emi Cuma, Ashenuma, Arrigi, Dirku, Shimmidur da Bilma, wadda Hausawa suka fi sani da Balma. Segedin tana arewa da su duka, fiye da kilomita 100 daga Dirku, ta ɗan ware kamar zauren gida.

Muhimmancinta yana ga matsayinta. Mai fitowa daga kudu, idan ya iso Segedin, hanya biyu ke gabansa. Ɗaya ta nufi arewa, ta ratsa Yat, Dawo Timmi, Madama da rijiyar Tummo, ta shiga Fezzan cikin ƙasar Libiya ta yau, har Murzuk da Tarabulus. Ɗayar ta karkata arewa maso yamma, ta bi Shirfa da Jado, ta nufi Janet da Gat. Mai fitowa daga arewa kuwa, bayan kwanaki cikin tsakuwa da rairayi, a nan yake shiga ƙasar Kawar. A hamada rijiya ce ke shata hanya, shi ya sa wannan mararraba ba ta gusa ba tun da aka san ta.

Mazauna Kawar Barebari ne da Tubawa, da kuma zuriyar da ta fito daga auratayyarsu, waɗanda ake kira Gezebida. Barebari aka sani da zaman gari da aikin gishiri, Tubawa kuwa da raƙumi da sanin rijiyoyi, ko da yake zama tare ya daɗe da cakuɗa sana'o'in.

Abin da ake mallaka

A ƙasar Hausa idan ana maganar dukiya, gona ce ke fara zuwa a zuciya. A Kawar fili ba shi da tsada, don rairayi ya fi ƙarfin mai buƙata. Abin da ake ƙidayawa shi ne itacen dabino, kuma ɗaya bayan ɗaya ake ƙidaya shi. Yawancin dabinon yankin ba a yi masa ban ruwa, saiwarsa ce ke kaiwa ga ruwan da ke ƙarƙashi. Aikinsa babba shi ne na ƙarshen sanyi, lokacin da ake hawa a ɗebo furen namiji a saka cikin na mace, sai kuma girbi a ƙarshen bazarar hamada, wajen watannin Agusta da Satumba. Kowane itace yana da mai shi. Ana sayar da shi, ana bayar da shi kyauta, yana shiga cikin dukiyar aure, ana kuma gadonsa bisa shari'ar Musulunci. Tun da ba a iya tsaga itace a raba, amfaninsa ake rabawa, har ta kai itace guda yana da masu haƙƙi da dama, kowa da kasonsa a ranar girbi. Mata ma suna cikin masu mallaka, ta hanyar gado ko ta aure.

Wannan tsari yana da wata hikima da ta dace da wurin da zama ba ya tabbata. Mutum yana iya yin nesa da dabinonsa wata goma, ya dawo lokacin girbi ya tarar da haƙƙinsa. Misali mafi bayyana shi ne Jado, maƙwabciyar Segedin ta arewa maso yamma: tsohon garin ya zama kufai tun da daɗewa, amma iyalan Tubawa na ci gaba da zuwa kowace shekara su girbe dabinonsu su koma. Garin ya mutu, mallakar ba ta mutu ba, domin a cikin sanin dangi da shaidar dattawa take.

Dukiya ta biyu ita ce ramin gishiri. Ana haƙa rami har a cim ma ruwa mai gishiri, rana ta busar da samansa ya yi ɓawo, mai aiki ya farfasa ɓawon ya nutse, wani ya sake haɗuwa, har gishiri ya taru a ƙasa. Tsantsarsa ita ce beza, gishirin miya. Wanda aka cuɗa da ƙasa aka zuba cikin mazubin da aka sassaƙa daga kututturen dabino shi ne kantu, mai nauyin kilo 20 ko fiye, wanda makiyaya ke saya wa dabbobinsu. Manyan ramukan suna Kalala kusa da Bilma, da kuma Fashi. Na Segedin ba su kai waɗannan yawa ba, amma su ma mallakar iyalai ne, ana gadonsu kamar dabino.

Dukiya ta uku raƙumi ne, wanda Tubawa ke yi wa lalas da alamar dangi don a san mai shi ko da ya ɓace a wata ƙasa. A cikin ukun nan shi kaɗai ke tafiya da ƙafarsa, kuma shi ne ke ba sauran biyun daraja.

Gero daga kudu

Ba a rayuwa da dabino da gishiri kaɗai. Geron da Kawar ke ci yana fitowa ne daga Damargu, Damagaram da sauran ƙasar Hausa, kuma ƙarnoni da dama ayarin Abzinawa ne ke kawo shi, ayarin da su suke kira taglamt. Wajen watan Oktoba, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina, ake taruwa a gefen gabas na duwatsun Abzin, madugu ya ja gaba, a ratsa Tenere ta Fashi zuwa Bilma, tafiyar kusan kilomita 600 idan aka auna daga Agadas. Tun da babu abin kiwo a hanya, raƙuma na ɗauke da damman ciyawarsu, ana ajiye wasu a kan hanya don dawowa. A farkon ƙarni na 20 Faransawa sun ga ayarin da ya kai raƙuma 20,000.

Ciniki a Kawar musaya ce: mudun gero da mudun dabino, gero ko tufafi da kantu. Farashin na hawa da sauka gwargwadon damina a kudu da yawan raƙuman da suka iso. Daga nan Abzinawa su komo gida, su huta, su gangara kudu da gishirin zuwa kasuwannin Tasawa, Damagaram, Katsina da Kano, su yi rani a can raƙumansu na kiwo a gonakin da aka girbe, su sayi geron shekara mai zuwa. Ta haka kantun Balma ya shiga kasuwar Bahaushe da bakinsa, har mutumin da bai taɓa jin sunan Segedin ba yana da alaƙa da Kawar ta wajen garken shanunsa.

Akwai kuma wani ayarin da ba a cika ambatonsa ba, na matan Tubawa da ke tasowa daga yankin Termit da Ngurti, su ratsa tuddan rairayi da ƴaƴansu zuwa Kawar lokacin girbi, su komo da dabinon da za su ci su kuma sayar. Ribar ta mace ce, ita ke da ikon ta.

Rauni a wannan tsari a fili yake. Mai dabino da mai gishiri ba su da ikon hana ayari fashin zuwa. Idan fari ya kashe raƙuma a Abzin, ko yaƙi ya rufe hanya, kantu na jibge a Kawar, rumbu kuwa babu komai.

Masu riƙe da hanya

Saboda haka duk wanda ya riƙe hanya shi ya riƙe Kawar. Masanin tarihi Ibn Abdil Hakam ya ruwaito cewa Ukba bin Nafi'u ya kai yaƙi Kawar daga Fezzan a shekarar 666. A ƙarni na 9 Yaƙubi ya ambaci yankin a matsayin hanyar da ake fitar da bayi zuwa Zawila. A 1154 Idrisi ya yi bayanin garuruwan Kawar da wani ma'adini da Larabawa ke kira shabb, wanda marina da majema ke buƙata, ake kai shi har Masar. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, ikon Kanem ya kai Fezzan, kuma hanyar Kawar ta zama ƙashin bayan daular. A ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Borno ya kai yaƙi yankin don tabbatar da ikonsa, a daidai lokacin da yake aika jakadu zuwa Tarabulus da Istambul. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 Abzinawa suka rinjayi Borno a kan cinikin gishirin, daga nan akalarsa ta karkata yamma, zuwa Agadas da ƙasar Hausa.

Wajibi ne a faɗi abin da wannan hanya ta ɗauka ba tare da sakayawa ba. Dawaki, tufafi, takarda da makamai suna gangarowa kudu, bayi kuma suna haurawa arewa da ƙafa. Turawan Ingila uku, Denham, Clapperton da Oudney, waɗanda suka bi hanyar daga Murzuk suka iso Bilma a watan Janairu na 1823, sun ba da labarin ƙasusuwan mutane barbaje a kewayen rijiyoyin da ke tsakanin Fezzan da Kawar. Bayansu Heinrich Barth, wanda Kanawa suka sani da Abdulkarim, ya bi ta a 1855 yana komawa gida, sai Rohlfs a 1866 da Nachtigal a 1870.

Abin da waɗannan matafiya suka tarar ƙasa ce mai zama cikin tsoro. Mahara na zuwa daga Abzin, daga Tibesti, daga baya kuma Larabawan Aulad Sulaiman suka ƙaru. A Anai mutane kan haye wani dutse mai wuyar hawa da dukiyarsu idan an hango ƙura. Ganuwar tsohuwar Segedin da hasumiyoyinta, da lungunan Jado da Jaba, duk amsa ce ga wannan tsoro: gida ne, rumbu ne, mafaka ce a lokaci guda. Garuruwan arewa, da yake su ne a bakin ƙofa kuma mutanensu kaɗan ne, su suka fi jin jiki. Ganuwa na iya tsare dabinon da aka riga aka girbe, amma ba ta iya tsare itacen da ke waje, balle ayarin da bai iso ba. Zawiyar da ƴan ɗariƙar Sanusiyya suka kafa a Shimmidur a rabin ƙarni na 19 na biyu ta sami girma a idon jama'a ne, ban da karatu, saboda wuri ne da mahara ke jin nauyin taɓawa.

Daga raƙumi zuwa mota

Sojojin Faransa sun shiga Bilma a 1906. A lokacin cinikin da ke ratsa Sahara ya riga ya fara mutuwa: an matsa wa cinikin bayi, kayan Turai kuma sun koma shigowa ta teku, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, da ramuwar gayyar da Faransawa suka yi bayansa, sun halaka raƙuman Abzin da yawa, ayarin gishiri ya yi rauni shekaru kafin ya farfaɗo. Mulkin mallaka ya rage hare-hare, mutane suka sami damar fitowa daga ganuwa su zauna kusa da dabinonsu. Sai dai ya mai da Kawar ƙarshen ƙasa, yankin soja a bakin iyaka, bayan ta daɗe tana tsakiyar hanya.

Bayan samun ƴancin Nijar a 1960 abubuwa biyu suka sauya tafiya. Na farko fari ne: na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun rage garkunan Abzinawa, manyan motoci suka karɓi kaso mai yawa na jigilar gishiri da gero. Na biyu arzikin man fetur na Libiya, wanda ya jawo ƴan ci-rani daga Nijar da maƙwabtanta. Tsohuwar hanyar Fezzan ta sake rayuwa, motoci na haurawa da mutane da dabbobi, suna dawowa da taliya, mai, barguna da kayan masarufi masu rahusa. Segedin ta zama zangon shan ruwa, gyaran taya da binciken jami'an tsaro. Tawayen shekarun 1990, wanda Tubawan Kawar suka shiga da ƙungiyar FARS, da na 2007 zuwa 2009, sun sake nuna yadda rufewar hanya ke zama yunwa a wurin da ba a noma. Ko ruwan sama ma, da ake roƙo a ko'ina, a nan yana iya zama masifa: a watan Agusta na 2006 ruwa mai ƙarfi ya narkar da gidaje masu yawa a Bilma, domin da ƙasa mai gishiri aka gina su.

Zinariya da doka

Faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 ta buɗe iyakar arewa. Ƙananan motocin Toyota Hilux, maƙare da matafiya daga ƙasashen Afirka ta Yamma, suka riƙa tasowa daga Agadas kowace Litinin, su bi Dirku da Segedin zuwa Madama da Sabha. A watan Afrilu na 2014 aka gano zinariya a Jado, dubban masu haƙa suka kwararo daga Nijar, Cadi, Sudan da Libiya. A ƙarshen wannan shekarar sojojin Faransa suka kafa sansani a Madama. Cikin ƴan shekaru, ruwa, abinci, man mota da sanin hanya suka zama hajar da ta fi kantu kawo kuɗi, matasa da dama suka sayi mota suka bar ramin gishiri.

Sai al'amari ya juya. A watan Mayu na 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita sosai a 2016 da goyon bayan Tarayyar Turai. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. A farkon 2017 gwamnati ta rufe wuraren haƙar zinariya na Jado. Matafiya ba su daina tafiya ba, direbobi ne suka riƙa kauce wa rijiyoyin da jami'ai ke tsaro, suna bin sararin da babu ruwa. A watan Yuni na 2017 aka kawo mutane 24 Segedin da rai, ragowar wata tawaga da aka yasar a hamada, fiye da 50 daga cikinta ba a same su ba. Kusan shekaru 200 bayan Denham da abokansa, hanyar ta sake karɓar gawarwaki, kuma dalilin bai sauya ba ƙwarai: mutum ya zama kaya, ruwa kuma ya yi nisa. A watan Nuwamba na 2023 hukumomin soja na Yamai suka soke dokar.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da aka yanke a Kawar. Buɗewa da rufewa duk daga nesa suka zo, daga Yamai, Tarabulus ko Turai, kamar yadda a da suke zuwa daga Birnin Gazargamu ko Agadas. Wanda ya sayar da dabinonsa ya sayi mota a 2014 ya iya wayar gari a 2016 babu mota babu itace. Wanda ya riƙe itacensa bai yi arziki ba, amma yana da abin da zai komawa.

Abin da ya rage a kiyaye

A 2006 Nijar ta shigar da tuddan Jado da ganuwarsu, da kuma hanyar gishiri daga Abzin zuwa Kawar, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Akwai kuma littattafan masana, irin na Jean Chapelle kan Tubawa a 1957, na Paul Lovejoy kan gishirin Sudan ta Tsakiya a 1986, da na Knut Vikør kan tarihin Kawar a 1999, sai dai duk cikin harsunan Turai suke, nesa da ɗaliban da abin ya fi shafa.

Ginin ƙasa mai gishiri na zaizayewa, amma abin da ya fi shi saurin ɓacewa shi ne ilimin da ke kan dattawa: wane itace na wane ne, yaya ake raba amfaninsa tsakanin magada, wace rijiya ke ƙafewa a wane wata, wane tauraro madugu ke bi idan iska ta shafe sawu. Wannan aiki ne da malamai da ƙungiyoyin raya al'adu za su iya ɗauka, su rubuta shi da Barbarci, da Tubanci, da Tamashek, da Hausa, tun masu shi suna raye. Ɗalibin Maraɗi ko na Damagaram da ya ga kantu a kasuwar garinsu ya cancanci a gaya masa daga inda ya fito, da abin da aka bayar kafin a samo shi, da kuma cewa geron kakanninsa ne ya riƙe garuruwan da ke can bayan Tenere.